Idan Ɗan Ƙwallo Ya Faɗi, Wa Ke Ɗaga Shi?

Duk wanda ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata ran da Kano Pillars ke wasa ya san wannan abu. Ana cikin ihun "Sai Masu Gida", sai ɗan wasa ya faɗi. Alƙali ya busa usur, ya ɗaga hannu. Nan da nan ka ga mutum biyu sun taso daga benci a guje, ɗaya da jaka, ɗaya da gorar ruwa. 'Yan kallo ba su cika kula da su ba, sai dai su yi tsaki in sun ga ana cinye musu lokaci. Amma cikin minti ɗaya ko biyun nan da mai jaka ya durƙusa, yana yanke hukuncin da ya fi na alƙalin wasa nauyi. Yaron nan ya tashi ya ci gaba, ko kuwa a fitar da shi?

A daidai lokacin nan kuma, bayan la'asar, in ka zaga cikin birni daga Yakasai zuwa Gwale, daga gindin Dala zuwa Ƙofar Na'isa, za ka tarar da yara ɗari bisa ɗari suna buga tamaula a filayen makarantu da kangaye da lunguna. Su ma suna faɗuwa. Ƙashinsu kuwa bai fi na 'yan Pillars ƙwari ba. Sai dai su ba su da mai jaka. Mai yanke musu hukuncin nan shi ne yayansu, ko kocin unguwa, ko uwa sa'ad da aka shigo da yaro gida a goye.

Hannun ɗan maƙwabcinmu

Bari in fara da abin da na gani da idona. Ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara 13, shi ne golan 'yan layinsu. Wata yamma ya yi tsalle ya kama ƙwallo, ya dira a kan hannu, hannun ya lanƙwashe tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ubansa ya yi tafiya. Baffansa ya ɗauke shi a babur ya kai shi gidan wani mai ɗori. Aka ja hannun, aka shafa man shanu, aka yi tofi, aka jera karare, aka ɗaure tam da tsumma. Kafin magariba sun dawo gida.

Da dare yaro ya hana kowa barci. Uwar ta haska fitila, ta ga yatsun sun kumbura sun yi suntum, sun fara duhu. Ta taɓa, ta ji sanyi ƙalau. Ta aika aka taso baffan.

"Yaya, dubi yatsun yaron nan."

"Ke dai kin cika tsoro. Ɗori ai sai da zafi. In aka kwance yanzu an ɓata aiki."

"Yaya, na ce ya motsa su, ya kasa. Ya ce ba ya ma jin ina taɓa shi."

Ba ta yi masa gardama ba bayan wannan. Ta yafa mayafi ta zo ta buga mana ƙofa, gama mu ke da mota a layin. Baffan ya shigo motar yana ta faɗa, amma dai ya shigo. A asibiti, likitan da ke aikin dare bai ko tambayi sunan yaro ba sai da ya sa almakashi ya yanke ɗaurin. Daga baya ne ya gaya mana cewa da an bar shi ya kwana ya wuni haka, da maganar da za a yi ba ta ɗori ba ce, ta yanke hannu ce.

Ga abin da ya faru. Kowane ƙashi in ya karye, naman da ke kewaye da shi yakan kumbura, kumburin kuwa yakan yi ta ƙaruwa kwana ɗaya ko biyu. In an ɗaure wurin tam tun da fari, kumburin ba shi da inda zai tafi, sai ya matse hanyoyin jini. Naman da jini ya daina zuwa masa yakan soma mutuwa cikin kamar awa shida. Shi ya sa a asibiti sau da yawa ba a zagaye sabuwar karaya da siminti gaba ɗaya. Akan sa rabi, a bar wa kumburi wuri, a ɗaga hannun sama, sai bayan kwanaki a rufe. Alamun haɗarin kuwa uwa ma tana iya ganinsu, kamar yadda wannan ta gani: zafin da ke ƙaruwa maimakon ya ragu, yatsu masu sanyi ko duhu, da rashin ji in an taɓa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina zagin masu ɗori ne. Tun kafin a kafa asibiti ko ɗaya a Kano su ke ɗora mahaya dawaki da 'yan kokawa da waɗanda suka faɗo daga itace. Sana'a ce ta gado, suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, kuma karaya da yawa in ba ta goce ba tana warkewa a hannunsu lafiya lau, domin ƙashi da kansa yake haɗewa in an hana shi motsi. A wasu wurare ma an gwada koya wa masu ɗori alamun haɗari da irin karayar da za su tura asibiti, aka kuwa ga amfanin hakan. Abin da mai ɗori ba shi da shi, ido ne mai ganin cikin jiki. Ba shi da hoton ƙashi. Ba zai san ko karayar ta shiga cikin gaɓa ba, ko ta taɓa wurin da ƙashin yaro ke tsiro kusa da gaɓa, wanda in ya lalace hannu ko ƙafa kan girma a karkace.

Abin mamaki, duk wannan yana faruwa a garin da ke da ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙashi na ƙasar nan. An buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959, shi da na Igbobi a Legas da na Enugu su ne aka daɗe da sani a Nijeriya. Asibitin Murtala kuma yana nan dab da Ƙofar Mata. Amma ka tambayi mutane dalilin da ya sa ba su zuwa, bayan maganar kuɗi sai su ce maka, "Can yanke ƙafa suke yi." Likitocin ƙashi na ƙasar nan sun sha rubutawa cewa ɗaurin da ya yi tsanani yana cikin manyan dalilan yanke hannu da ƙafa, musamman ga yara. Watau ƙafar ta riga ta ruɓe kafin a kawo ta. Mutane suka ga an shiga da ƙafa an fito babu, sai tsoro ya ƙaru, na gaba ma ya ƙi zuwa da wuri.

Abin da mai jaka ke dubawa

To, mu koma Ƙofar Mata. Likitan ƙungiya in ya durƙusa, ba inda yaro ke riƙewa yake fara dubawa ba. Mu jama'a abin da ido ya gani muke rugawa, jini ko ƙafar da ta juya. Shi kuwa yakan fara da tambaya uku a zuciyarsa. Yana numfashi? Yana cikin hankalinsa? Wuyansa lafiya? Sai waɗannan sun yi daidai sa'an nan ya sauko kan jini da ƙashi. Ɗan wasan da ke ihu yana birgima bai cika ba likita tsoro ba. Wanda ya kwanta shiru shi ne abin tsoro.

Yawancin abin da yake gamuwa da shi ƙanana ne: targaɗe a idon sawu, tsagewar naman bayan cinya, ƙujewa, fashewar gira. Ga targaɗe akwai gwaji mai sauƙi. In yaro ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko kuwa in ka danna kan ƙashin idon sawun kansa ya yi ƙara, a je a ɗauki hoto. In ba haka ba, hutu ne, da ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 zuwa 20 sau da yawa a rana, da bandeji mara tsanani, da ɗaga ƙafa bisa matashi. Ledar ruwan sha da ta daskare ta isa. Abin da muka saba yi, watau a kama ƙafa a ja ta da ƙarfi, a murza da man zafi, a gasa da ruwan zafi tun ranar farko, ƙara kumburi yake yi. Gashi yana da ranarsa, amma bayan kwana biyu ko uku.

Gwiwa ita ce mai yaudara. Yaro ya juya da gudu, ya ji wani abu ya ce ƙas a ciki, kafin awa biyu gwiwa ta cika. Bayan mako biyu kumburi ya saɓe, yana tafiya, kowa ya ce ya warke. Ran da ya koma fili sai gwiwar ta zame masa. A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu masu ƙarfi da suka gitta juna, su ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. In ta gaban ta tsinke ba ta cika haɗewa da kanta ba, hoton ƙashi kuma ba ya nuna ta, sai na'urar da ake kira MRI. Ga mai son ci gaba da ƙwallo, akan yi tiyata a ɗebo jijiya daga wani wuri a jikinsa a dasa, sa'an nan ya yi wata tara zuwa shekara guda a hannun likitan gashin ƙashi. Yara nawa ne a birnin nan da aka ce za su zama Ahmed Musa ko Rabi'u Ali, gwiwa ta mai da su 'yan kallo ba tare da kowa ya taɓa gaya musu sunan ciwonsu ba?

Gani ga wane

Akwai ƙasar da aikin likitan 'yan wasa ya kai inda ya kai, domin wasansu ya fi kowane wasa ba likita aiki. A Amurka suna da wani ƙwallo nasu mai kama da zari-ruga. Ƙarti ne, wasu nauyinsu ya kai kilo 140, sanye da hular kwano da kayan kāriya kamar 'yan lifidi ranar hawan salla, suna rugowa suna karo da juna. Babbar gasarsu, NFL, tana da ƙungiyoyi 32, jami'o'i kuma suna da tasu, wadda wani lokaci mutum fiye da 100,000 ke cika fili domin kallon ɗalibai. 'Yan Nijeriya da yawa sun yi suna a ciki. Christian Okoye, mutumin Enugu, ya buga wa Kansas City daga 1987 zuwa 1992, ciwon gwiwa yana cikin abin da ya gajarta masa wasa.

A kowane wasan NFL akwai ma'aikatan lafiya wajen 30 a filin: likitocin ƙashi, likitan gaggawa mai iya sa bututun numfashi, masu gashi, har da na'urar hoton ƙashi a cikin ginin. Tun 2017 akwai wani ɗan shuɗin tanti a bakin fili inda ake shigar da ɗan wasa a duba shi ba a idon jama'a ba. In ana zaton wuya ya taɓu, mutum ɗaya yakan riƙe kan da hannu biyu, ba ya saki, har a mirgina ɗan wasan gaba ɗaya kamar gungume a ɗora shi bisa katako. Mu tuna da wannan ran da muka ga ana cicciɓar yaro, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, kai yana reto.

Duk da wannan shiri, dubi abin da ya sami Alex Smith na ƙungiyar Washington a watan Nuwamba 2018. Ƙasusuwan ƙwaurinsa biyu suka karye, ƙashi ya huda fata. Aka yi masa tiyata nan take, amma ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga. Naman ƙafar ya soma ruɓewa, cutar ta shiga jini, har likitoci suka yi shawarar yanke ƙafar domin ceton ransa. Sai da aka yi masa tiyata sau 17. Bai koma fili ba sai Oktoba 2020. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In mai likitoci 30 ya sha wannan, ina ga yaron da ƙashinsa ya leƙo waje a filin ƙasa, aka barbaɗa masa garin magani aka ɗaure? Karayar da ta huda fata ba ta gidan mai ɗori ba ce ko kaɗan. A rufe da tsumma mai tsabta, a tallafe ƙafar, a nufi asibiti, can za a wanke ciwon, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafin sarƙe haƙora.

Ciwon da ba ya jini

Babban darasin da Amurka ta koya, ta koye shi ne da tsada, kuma ɗan Nijeriya ne ya buɗe mata ido. Dokta Bennet Omalu, haifaffen ƙasar Anambra a 1968, likitan binciken gawa ne a birnin Pittsburgh. A 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon ƙwallon garin, wanda ya mutu yana da shekara 50 bayan ya yi shekaru cikin mantuwa da ruɗewa, har yana kwana a mota. A ido ƙwaƙwalwarsa lafiya take. Omalu bai yarda ba. Ya yanka ta siriri-siriri ya duba a madubin likita, ya tarar da lalacewa irin wadda aka daɗe da sani a wurin 'yan damben Turawa, gama tun 1928 wani likita mai suna Harrison Martland ya rubuta a kan 'yan damben da duka ya mai da su kamar mashaya. Omalu ya buga bincikensa a 2005. Likitocin da ke aiki da NFL suka nemi a janye shi. Sai a 2016 wani babban jami'in gasar ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai dangantaka tsakanin wasan da cutar, wadda ake kira CTE. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, suka sami cutar a 110. Gaskiya ne iyalan da suka ga alamu ne suka fi ba da gawa, saboda haka ba za a ce kowane ɗan wasa haka yake ba. Amma lissafin ya isa ya tayar da hankali.

Yanzu dokarsu ta canja. Tun 2013 akwai likitan ƙwaƙwalwa a bakin fili wanda ba ma'aikacin ƙungiyar ba ne. Akwai kuma masu lura daga sama da talabijin a gabansu, waɗanda tun 2015 aka ba su iko su tsai da wasa in sun ga wani yana tangaɗi. Wanda aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta girgiza ba ya komawa ranar. Sai ya bi matakai biyar, daga hutu zuwa ɗan motsa jiki har zuwa cikakken atisaye, sa'an nan likita na waje ya sa hannu.

Ƙwallon ƙafa irin namu ma bai tsira ba. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya a 2014, Christoph Kramer na Jamus ya sha karo a kai, ya ci gaba da wasa kusan minti 15, har ya je ya tambayi alƙali ko wannan ne wasan ƙarshe. Tun 2024 dokokin ƙwallo sun ba gasa izinin ƙara canji na musamman domin wanda ya bugu a kai.

Ina rubuta wannan ina tunanin gidan dambe. Wanda ya taɓa zuwa Ado Bayero Square a Sabon Gari ya ga yadda ake kisa: hannu ɗaya naɗe da zare ya yi tauri kamar dutse, ya sauka a muƙamuƙi, ƙato ya zube, kalangu ya ɗauka. A zuba masa ruwa, a yi masa fifita, a ɗaga shi. In ya miƙe da ƙafarsa sai a ce ba komai. Ba na cikin masu cewa a hana dambe. Wasan iyaye da kakanni ne, samari da yawa kuma da shi suke ci. Amma ƙwaƙwalwar ɗan Arewa ko ɗan Kudu ko Bagurumaɗe ba ta bambanta da ta Mike Webster ba. Mafi haɗari shi ne duka na biyu kafin na fari ya warke. Wanda aka kashe yau har ya suma, bai kamata a ga ya ɗaure hannu gobe ko jibi ba.

Ga iyaye kuwa, ba sai yaro ya suma ba ne ƙwaƙwalwa ke girgiza. In ya bugu a kai ya ce yana jiri, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko ya manta wa ya ci, wasan ranar ya ƙare. A sa masa ido kwana ɗaya ko biyu. In ya yi ta amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya danne shi har ba a iya tashinsa, ko ya yi jijjiga, ko wani ɓangaren jiki ya saki, wannan na asibiti ne ko da tsakar dare.

Minti uku

Tsofaffi cikinmu ba su manta da 12 ga Agusta 1989 ba, ran da Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere ana wasa da Angola, ba wanda ya taɓa shi. Yana da shekara 25. Zuciya ce. Kusan shekara 31 bayan haka, ran 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United. Motar asibitin da aka ajiye a filin ta ƙi tashi, aka yi ta turawa. Ya rasu. Kwamitin da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta naɗa ya gano babu cikakken likita a wurin.

Sa wannan kusa da abin da ya faru ran 2 ga Janairu 2023 a birnin Cincinnati. Damar Hamlin na Buffalo Bills, ɗan shekara 24, ya sha karo a ƙirji, ya miƙe, ya sake zubewa. Zuciyarsa ta tsaya. Cikin daƙiƙoƙi ma'aikatan lafiya suka iso, ɗaya ya hau danna ƙirji, aka manna masa na'urar da ke ba zuciya wutar lantarki, zuciya ta dawo tun yana kwance a fili. Bayan kwana tara ya bar asibiti, a shekarar kuma ya koma wasa. Ba wani asiri suka yi ba. Kafin kowane wasa ma'aikatan lafiya na ɓangarorin biyu sukan taru su faɗi wa zai yi me, ta wace ƙofa mota za ta shigo, wane asibiti za a nufa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Danna ƙirji ba sai likita ba. In ɗan wasa ya zube ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a ɗauka zuciya ce. A kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi zurfin kamar inci biyu, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya, wani kuma ya nemo mota. Ɗura masa ruwa, ko cusa cokali a baki, ko fifita da riga, cin lokaci ne kawai, ƙwaƙwalwa kuwa takan soma lalacewa bayan minti uku zuwa biyar ba jini. Wani ciwon zuciyar ma ana iya kama shi tun kafin ya kā da mutum. Gwajin likitocin Inter Milan ne a 1996 ya gano lahani a zuciyar Nwankwo Kanu, yana dawowa da zinariyar Atlanta. Aka yi masa tiyata a Amurka, ya ƙara shekaru fiye da goma yana wasa. Yaron da ke suma in ya yi gudu, ko yake kukan ciwon ƙirji, ko wanda wani a gidansu ya mutu farat ɗaya yana saurayi, a kai shi a auna kafin a saya masa takalmin ƙwallo.

Zafin rana kuma namu ne, ba sai an ba mu labari ba, gama a watan Afrilu zafin Kano yakan kai awo 40 har ya wuce. A 2018 wani ɗalibin Jami'ar Maryland, Jordan McNair, ɗan shekara 19, ya jigata a wurin atisaye. Ba a tsoma shi cikin ruwan sanyi ba, aka kuma yi jinkirin kiran motar asibiti. Ya rasu bayan mako biyu, shugaban jami'ar ya fito ya amsa laifi. Ka'idar likitoci a nan ita ce a fara sanyaya jiki kafin a ɗauka. Yaron da ya ruɗe, jikinsa ya yi zafi rau a fili, a kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwarara masa ruwa ana fifita tun kafin mota ta zo.

Wa ke biyan likita?

Akwai wata matsala da na'ura ba ta maganinta. Likitan ƙungiya, ƙungiya ce ke biyansa. Koci yana son ɗan wasansa, 'yan kallo suna so, shi kansa yaron yana roƙo, domin in ya zauna wani zai gaje lambarsa. A 2014 ɗaruruwan tsofaffin 'yan NFL suka kai ƙara kotu, suna cewa an yi ta ɗura musu ƙwayoyi da allurai na kashe zafi domin su ci gaba da wasa, ba a gaya musu illar ba. Masu kallon ƙwallon Ingila a gidajen kallo na birnin nan kuma za su tuna da Agusta 2015, ran da likitar Chelsea, Eva Carneiro, ta shiga fili duba Eden Hazard bayan alƙali ya kira ta. José Mourinho ya fusata domin an rage masa mutum, aka ɗauke ta daga benci, ba da daɗewa ba ta bar aikin. Sai a 2016 aka sasanta, ƙungiyar ta ba ta haƙuri a fili.

In haka ta faru ga likita mai takardu a London, sai ka auna matsayin mai jaka a ƙaramar ƙungiya wadda albashi ma sai an yi watanni. A unguwa kuwa allurar ba ta hannun likita, tana kantin magani na bakin layi. Yaro ya haɗiyi tiramol ya shiga fili da gwiwa a kumbure. Hausawa sun ce jiki magayi. Ƙwayar ba ta gyara jijiya, bakin magayin kawai take toshewa. Hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024.

Ɗan maƙwabcinmu ya yi mako shida da siminti a hannu. Ran da aka cire, hannun ya rame ya yi fari, ya ce a ba shi safar golansa. Likita ya ce sai bayan wata guda, da motsa yatsu kullum safe da yamma. Kocin layinsu ya zo har zaure sau biyu, wai suna da wasan kusa da na ƙarshe da 'yan wata unguwa, ba su da gola. Na biyun, baffan ne ya fito masa, shi da ya yi ta faɗa a mota. Ya ce masa yaro ba zai buga ba sai ranar da aka rubuta a kati, ya kuma ciro katin daga aljihu ya nuna masa. Aka ci su biyu da nema. Yaron ya yi kwana uku ba ya yi wa kowa magana a gidan.